Ranar da Baba Jatau Ya Fara Jin Turanci

Akwai wani tela a Funtuwa, Baba Jatau, mutum mai son a girmama shi kamar me. Ya yi ta taka keke har gwiwa ta fara ƙara don ya sa 'ya'yansa mata a makarantar kuɗi. Allah kuwa ya ba su kai, Turanci a bakinsu kamar ruwan famfo. To, ga inda gizo ke saƙa: da ya shigo gida ya zauna cin tuwo sai su juya harshe. Wannan ta yi ƙus-ƙus, waccan ta saci kallonsa, sai dariya har da riƙe ciki. In ya ce, "Me kuke cewa ne?" sai babbar ta ce, "Baba, aikin makaranta ne fa." Abin nan ya tsaya masa a rai ƙwarai. Shi dai so yake ya san da wa ake.

Bai gaya wa kowa ba, ya lallaɓa ya shiga ajin manya na yamma, wurin wani Malam Hashimu. Kai, ba a taɓa ɗalibi irinsa ba! Sauran dattawan wasu na gyangyaɗi, wasu na gunaguni wai me za su yi da yaren nasara da furfura a ka, shi kuwa gogan yana bencin gaba, hannu kullum a sama. A shago ma yana ɗinki yana bitar darasi, har ya taɓa ɗinke wa wani aljihu ta baya. Malam Hashimu ba shi da zance sai, "Ku yi koyi da Baba!"

Kwatsam sai ya ɗauke ƙafa. Da shirun ya yi yawa, malamin ya bi shi shago, suka gaisa.

"Baba, lafiya kuwa? Aji duk ya mutu ba ka."

"Lafiya lau, Malam. Karatun ne ya ishe ni haka, na gode."

"Ko ba ka ganewa ne?"

"Ganewar ce ai ta ja min. Rannan na kara rediyo a kunne kamar ina jin labarai, na bar yaran suna ta zuba. Na ji tsoho. Na ji rowa. Na ji minshari. Na ji an ce hular nan tawa ta girmi babbarsu. Kuma 'yar autar da na fi so, ita ce limamiyarsu!"

Malam Hashimu ya danne dariya da ƙyar ya ce, "Haba Baba, ai yanzu ka fara! Littafi na ɗaya kaɗai muka gama. Ka daure mu yi na biyu, wallahi ko kalma ɗaya ba za ta ƙara wuce ka ba."

Baba Jatau ya cire zare daga baki, ya dube shi ta saman tabarau.

"Malam, na ɗayan ma sai da ya kai ni asibiti awon jini. In muka yi na biyun, kai za ka riƙe marayun?"