Oga Jan Biro da Ɗan Aiken da Ya Gaskata Shi

Duk ofishin babu mai ilimin Oga Jan Biro, kuma ba ƙage nake ba, daga bakinsa aka ji. Kamfaninsu yana da ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira, manhajar da ke kama wa mutane zauren taro, ta ɗaga rana ko ta soke. Ɗan aiken ba ya tambayar kowa. Bayanin da aka rubuta masa kan kowane kayan aiki shi ya sani, shi yake bi. Aikin Oga shi ne duba wannan bayani ya ba shi maki, kuma Allah ya yi masa baiwar sanin abu ba tare da ya gwada ba.

Ƙananan mutane sukan ba ɗan aiken bayani su ga ko ya gane. Oga kuwa sai a buga masa a takarda, ya miƙe bakin taga, ya gyara zaman tabarau, ya karanta da ƙarfi kamar mai labaran rediyo. In ya yi daɗi a kunne, ya ci. In bai yi ba, jan biro ya hau kansa.

"Ni zan nemi ra'ayin na'ura?" in ji shi. "Ni da na je taro ƙasar waje, har hoto aka ɗauke ni?"

Hoton yana nan a bango. In ka matsa kusa sosai za ka ga kafaɗarsa.

Wata rana masu rubuta manhaja suka kawo masa bayanin kayan aiki biyu. Na farko na ɗaga rana ne. Na biyu an rubuta cewa yana soke zaure, da an soke ya tafi ga na gaba a layi, ba ya dawowa, kada a taɓa shi don canza rana. Oga ya karanta, ya dafe ƙirji kamar an zagi mahaifinsa.

"Wannan ai tonon asiri ne. Kamfani mai daraja ba ya cewa kada. Ku kawo nan in koya muku rubutu."

Ya zauna ya zuba hikima. Na farko ya koma abin alfarma mai daidaita al'amuran zaure. Na biyu ma haka, sai dai ya ƙara masa cewa cikin sauri da gamsarwa, don ya ga layin ya yi gajarta. Ya ba kansa cikakken maki, ya ja layi biyu a ƙasa.

A lokacin kujerar mataimakin manaja ba kowa a kanta, kuma Oga ya daɗe da auna ta da ido. Mai kamfani ya ce za a yanke magana bayan an nuna wa manyan baƙi ɗan aiken. Oga bai ga dalilin jira ba. Ya sa ɗan aiken ya kama masa zaure mafi girma a gari don liyafar ƙarin girma, matarsa ta gayyaci dangi har da waɗanda ba a ga maciji da su, musamman ma su.

Ranar nuni ya karɓe madannan kwamfuta daga hannun injiniya, ya dubi mai kamfani.

"Ranka ya daɗe, da zaurena zan gwada, don ku ga yadda na amince da aikin hannuna."

Ya umarci ɗan aiken ya ɗaga masa liyafar zuwa mako na gaba, cikin sauri. Ya juya ga baƙi yana murmushi, bai ko kalli allo ba. Baƙin ne suka karanta masa. An soke zaure, an ba na gaba a layi.

Mai kamfani ya ce a tambayi ɗan aiken dalili. Amsa ta fito da manyan haruffa: bayanin kayan aikin biyu iri ɗaya ne, don haka ya zaɓi wanda aka ce yana yi cikin sauri da gamsarwa. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambayi wanda ya duba wannan bayani. Idanu dai suka taru kan jan biron da ke leƙowa daga aljihun Oga.

Shekara da shekaru yana kukan ba a ɗaukar maganarsa yadda ya faɗe ta. Yau ya samu wanda ya ɗauka, bai rage ko harafi ba.

Baƙi suka tashi, mai kamfani ya bi su yana ba da haƙuri. Oga na tsaye shi kaɗai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, tana tambaya ko zauren zai ɗauki ƙarin kujeru, don ƙanwar babarta ma ta ce za ta zo da mutanenta.

"Bar maganar kujera," ya ce da ita a hankali. "Yau babu ko ɗaya."