Alwala a Kan Ƙafa Ɗaya

Sau huɗu ina targaɗe a idon sawuna na dama. Likita ta ce kullum in riƙa tsayuwa a kansa, ina dafe da bango. Sati biyu kacal na ga na fi ƙarfin bango.

Da la'asar, a ƙofar masallacinmu na Kabara, kowa na tsugune yana alwala, ni kuwa na miƙe na ɗaga ƙafar hagu zan wanke.

"Alhaji, zauna mana," in ji ladan.

Na ce, "Ai na warke."

Simintin a jiƙe yake. Na zube, na kwashe butoci shida. Wallahi butocin aka fara tsincewa kafin ni. Targaɗe na biyar ke nan.

Har yau, da na ɗauki buta sai ladan ya ce, "Jama'a, a matsa, Alhaji zai sake warkewa."