Ƙafar Neville Ta Ɓullo Ta Silin

Jama'a, yau da hantsi ina bakin gado ina kokawa da safa, sai na ji ƙarar fashewa a bisa kaina. Ina ɗaga ido sai ga ƙafar mutum ta ɓullo ta silin, da takalminta da komai, tana lilo. Farar ƙura ta yi mini furfurar da ta rage. Ban yi ihu ba. Ƙafar hukuma ce, don haka na miƙe tsaye saboda ladabi.

Ga yadda aka yi. Matata Doreen gwiwoyinta sun yi yaji. Hawa bene ya zame mata kamar hawa dutse, har takan zauna a tsakiyar matattakala ta huta tana zagin wanda ya gina gidan. Muka yanke shawarar sayar da ɗan gidanmu na jan bulo mai ɗakin kwana uku, mu bar wannan gari na arewacin Ingila da ruwan samansa, mu koma kusa da 'yarmu a bakin teku, gidan ƙasa, ba bene.

Na je wurin dillali. Ya ce ko allon sayarwa ba zai kafa ba sai na kawo kundin bayanin gida. Sabuwar doka ce daga manyanmu na babban birni, Allah ya ja zamaninsu. Mai Girma Sarkin Kundi da Wazirin Sa-hannu sun zauna a kan kujeru masu laushi sun gano cewa mu talakawa ba mu san gidajenmu ba. Ni da na ɗauka mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ashe jahilci ne. Sai an turo masani ya auna yadda gidanka ke riƙe ɗumi, ya ba shi maki daga A zuwa G, kamar ɗan makaranta. To, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na biya, na dawo ina jiran masani.

Maƙwabcina Alf, wanda shi ma gidansa yana kasuwa, ya leƙo ta kan shinge.

"Wilf, na ji za a yi wa gidanka jarrabawa."

"Haka aka ce."

"Ai zai gaji mai shi. Kai ma ba ka taɓa cin ko ɗaya ba."

Da safen nan aka buga ƙofa. Na buɗe, sai ga Neville, mai kawo mana madara tun 'yarmu tana rarrafe. Ya sha kwat, da laƙataye, da kati a rataye a wuya, ga tsani a kafaɗa.

"Neville! Ina madarar?"

"Maigida, na bar madara. Yanzu ni ne mai awon makamashi na yankin nan." Ya ɗaga katin har kusa da hancina.

Ashe manyan sun yi shela cewa ana neman dubban masu awo, aiki har sai mutum ya ture. Neville ya sayar da motar madararsa ya biya kuɗin horo. Gidanmu ne aikinsa na farko, kuma ya ɗauke shi da gaske, bawan Allah. Ya ƙirga ƙwayayen lantarki. Ya ƙwanƙwasa bango ya kara kunne kamar likita. Ya durƙusa gaban tukunyar ɗumama gida ya tambaye ni shekarunta.

"Ta girmi auren sarki," na ce.

"Babu gurbin wannan a takardar, maigida."

Doreen ta ce, "Rubuta tana aiki in an yi mata shuri."

Daga nan ya kafa tsani ya shige kogon rufi don ya duba kaurin audugar da ke tare sanyi. Na ce masa ya taka katako kawai, kada ya taka tsakani. Ya ce an koya musu wannan a allo. Sauran kun riga kun sani.

Ina tsaye ina tunanin ko a ja ƙafar ne ko a tura, sai Doreen ta kwaɗa mini kira daga kicin, inda rediyonta ba ya mutuwa.

"Wilf! An ɗaga!"

"An ɗaga me?"

"Dokar! Sun ce ba su shirya ba. In ma an fara, sai gida mai ɗakin kwana huɗu!"

Ƙafar ta daina lilo. Can daga cikin rufi wata 'yar murya ta ce, "Maigida, me uwargida ta ce?"

Na maimaita masa. Sai ya ce, "Gida nawa ne mai ɗaki huɗu a unguwar nan?"

"Ɗaya. Na Alf."

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na hau tsanin da kaina na kamo shi ta hammata, muka sauko tare, wandonsa a yage har cinya. Doreen ta zuba masa shayi da sukari cokali uku, ta tura masa gwangwanin biskit. Ta taga muna kallon Alf, wanda shi ma ya ji rediyo, yana jan katifa zuwa rumfar da ke bayan gidansa, gumi na zuba.

Na buɗe taga. "Alf, ƙaura kake?"

"Ɗakina uku ne, Wilf, kowa ya sani! Na huɗun ɗakin karatu ne!"

Alf, wanda tun da na san shi bai karanta komai ba sai shafin tseren dawaki. Neville ya ga kasuwarsa tana tafiya a kan kafaɗar Alf, ya ajiye biskit ɗin da ya ɗauka. Garin neman ƙiba an samo rama. Gaskiya na so in yi masa faɗan silin, amma wa zai daki wanda ke kwance? Ni silin na rasa, shi kuwa mota.

Duk da haka bai tafi ba sai da ya cika takardarsa, don ya ce aiki aiki ne. Gidanmu ya samu F. A gurbin shawarwari ya rubuta da kyakkyawan rubutu cewa ɗumi yana tserewa ta wani rami a silin ɗakin kwana, ya kamata mai gida ya toshe.

Da la'asar dillali ya kawo wasu ango da amarya su ga gida. Na miƙa musu takardar da hannu biyu. Ko kallonta ba su yi ba. Angon ya tambayi inda zai ajiye mota, amaryar ta tambaya ko maƙwabta suna da hayaniya, daidai lokacin da Alf ya saki allon gado a matattakalarsa. Suka ga ramin, suka ce za su yi shawara. Mun san wannan shawarar.

Yanzu mun sauko da katifarmu falo, har a samu mai gyara. Doreen ta ce rabon da ta wuni gwiwarta ba ta yi kuka ba har ta manta. Kun ga kenan kada a riƙa zagin manya: a rana ɗaya sun raba ta da bene ba tare da mun sayar da komai ba.

Da yamma na fita sayo kifi da dankali, na bi ta gaban katafaren ginin hukumar gari, inda Magajin Kwamiti da jama'arsa ke hutawa da rana. An tashi aiki, ba kowa ciki. Fitilu na ci a kowane hawa, tagogi a wangale, ɗumi na fitowa har tantabaru sun jeru suna shan daɗi. Na ce ko in kira Neville ya auna musu. Sai na tuna dokar ta mai sayarwa ce, su kuwa waɗannan, kun san ba su da niyyar tashi.