Ku Fara Daga Ƙofata

Jama'a, yau da safe na faɗa rami. Ba a wata baƙuwar unguwa ba, a ƙofar shagona, ramin da na sani kamar yadda na san ƙeyar kowane magidanci a titinmu. Ina riƙe da galan ɗin fetur da na yi awa uku a layi kafin na samu, na taka katakon da muke tsallakawa a kai, ashe shi ma ya gaji. Fetur ya malale, takalmi ɗaya ya nutse a laka, mutunci kuwa dama ya riga su tafiya.

Kafin ku fara yi min jaje, bari in faɗi gaskiya: ni na roƙa a haƙa ramin nan, da bakina, a lasifika.

Ni mai aski ne, shekara goma sha takwas ina wannan shago. Kun san halinmu, rediyo a kunne, baki ba ya hutawa, har mutane suka ɗauka na fi kowa sanin duniya, ni ma na yarda da su. To wata uku da suka wuce, Mai Girma Sarkin Haske, gatan masu duhu, ya kawo mana ziyara da motoci goma sha huɗu. Aka kafa rumfa, aka tayar masa da janareta, domin ranar ma babu wuta.

Ya ce, "Wayoyin unguwar nan sun tsufa, su ke ba ku wahala. Za mu cire su, mu sa muku sababbin wayoyin ƙasa, kyauta."

Na dubi tawa wayar da na ɗaure da roba, wadda sai an buga ta a tafin hannu take kawo haske. Na ce a raina, Allah ya kawo mai share hawaye. Wayoyin ƙasa kuma, wato ƙirar gida, abin alfahari. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Mai faci, maƙwabcina, ya ja min riga. "Maigida, ka san abin da za ka roƙa kuwa?"

Na ce, "Kai dai tsaya kan tayarka, wannan maganar manya ce."

Na karɓi lasifika na ce, "Ranka ya daɗe, tawa ta fi ta kowa lalacewa. Don Allah ku fara daga ƙofata." Mai Girma ya juya ga wani mai riƙe da fayil ya ce, "Rubuta. Ga mai kishin al'umma." Aka tafa min, na zauna ina jin kaina wani abu.

Da yamma na ɗauki tsohuwar wayar na kai wa surukata kyauta. Mai ɗakina ta ce, "Baban yara, da ka bari sabuwar ta zo tukuna." Na ce mata, mutum mai motoci goma sha huɗu ne zai yi min ƙarya?

Ranar Litinin sai ga mutane da hulunan kwano, da diga, da shebur. Na fito da fara'a na tambayi injiniyansu ko mutum zai iya zaɓar kala. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baƙa ce, Malam. Kaurinta ya kai damtsenka, kuma a ƙarƙashin ƙasa take kwana." A nan na gane wayar lantarki ake nufi. Mai faci ya shige bayan tayoyinsa, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Ni kuwa ba zan ci amanar gaskiya ba, dole in yaba. Tunda nake, wannan ne alkawari na farko da na ga an cika ba ragi. Daga ƙofata suka fara, kuma a ƙofata suka tsaya. Suka haƙa har ƙirji, diga ta datse tsohuwar wayar da take ɗan lallaɓa mu, suka kwashe kayansu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Bayan mako biyu aka dawo ƙaddamar da aikin. Aka sake kafa rumfa, aka ɗaura kirtani mai ƙyalli a bakin ramin, da aka rasa almakashi nawa aka ara. Aka kuma kafa allon sanarwa wanda ya rufe sunan shagona gaba ɗaya.

Na je ofishinsu sau huɗu. An ce wayar tana hanya. An ce an kafa kwamiti ya gano wace hanya. A zuwa na ƙarshe wani ya ce in daina wahalar da ƙafa, ga lamba, in riƙa kira. Na karɓi lambar na sa a aljihu. Surukata kuwa da wayar tawa take ba dangi labarin, har da kwaikwayon muryata.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ke ci min rai shi ne shagon. Dattawa suka ce ba za su hau katako don aski ba. Iyaye mata suka daina kawo yara. Samari suka koma wurin sabon mai aski na tsallaken titi, wanda tsohuwar ruɓaɓɓiyar waya take ba shi wuta lafiya lau, saboda shi bai iya jawabi ba. Mutum ɗaya ya rage min, tsohon hedimastanmu, wanda ya koya min karatu. Duk Asabar yana dogara sanda ya tsallako. Na yi wa kaina alkawari muddin yana zuwa ba zan rufe shago ba. Don shi na bi layin mai yau, in tayar da ɗan janareta.

Ina cikin ramin ina laluben takalmi, sai na ga an miƙo min sanda daga sama. "Kama, ɗana." Na ɗaga kai, hedimasta ne. Da ya sunkuyo hularsa ta zame, sai ga kai fes, an kwashe shi tas, har da hoda a wuya.

Ya ga inda idona ya tsaya. Ya gyara hular a hankali ya ce, "Gwiwa ce, ɗana. Katakon nan ya fi ƙarfina."

Wallahi faɗuwar ba ta yi min zafi kamar wannan ba. Da na fito na saci kallon ƙeyarsa ko zan sami kuskure ɗaya in riƙe, ban samu ba. Askin ya yi kyau. Na gode masa, na raka shi har bakin titi da takalmi ɗaya.

Af, na ji an ce Mai Girma zai dawo wata mai zuwa ya yi mana albishir da sababbin layuka. Na riga na kama kujera can baya, na kuma roƙi ƙarti biyu su zauna, ɗaya a damana, ɗaya a haguna, su danne ni in na yunƙura zan miƙe.