Jan Maɓallin da Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare aikin kammala karatuna a wata makarantar fasaha a nan Bauchi ba. Kibod, wato allon madannan kwamfuta, na ƙera da hannuna, mai haruffan Hausa masu ƙugiya, su ɓ da ɗ da ƙ. Wata uku na yi a ɗakina a Ƙofar Ran ina liƙa wayoyi da dalma a jikin maikurokwantirola, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke gaya wa kwamfuta harafin da aka danna. (Har kuri nake wa abokai cewa ni zan ceto Hausa.)

Da na gaji da gwada haruffan ɗaya bayan ɗaya, sai na ware wani jan maɓalli wanda dannawa ɗaya zai zubo jimla mai ɗauke da dukkansu. A makon kuwa Malam Ɗalhatu, mai duba aikina, ya yage mini babi biyu, don haka jimlar ba ta yi mini wuyar samu ba. Na ce zan goge daga baya. Ban goge ba.

Ranar kare aikin, ɗaki ya cika, majigi na haska bango, ga baƙon farfesa da aka gayyato ya ba mu maki. Komai na tafiya lafiya har farfesan ya miƙa yatsa.

"Wannan jan fa?"

Kafin in buɗe baki ya danna. Rubutu ya bayyana ɓaro-ɓaro: MALAM ƊALHATU ƘATON TUMBI, ƁARAWON MAKI.

Farfesa ya gyara tabarau, ya karanta a fili (kamar sauran mutanen ɗakin makafi ne), ya ce, "To, ƙugiyoyin dai sun fito."

Malam Ɗalhatu ya ɗan shafa cikinsa. "Wane Ɗalhatun?"

"Wani maƙwabcinmu ne, Malam."

"Shi ma maki yake bayarwa?"

Ɗaki ya fashe da dariya. Ni kuwa na riga na hango kaina ina maimaita shekara.

Malam Ɗalhatu bai kayar da ni ba, Allah ya saka masa. Amma sai da na yi sati biyu ina zarya ofishinsa kafin ya sa hannu, kullum ya tarbe ni da "Ya maƙwabcin naka?"

Tun daga nan, in zan yi gulma da baki nake yi. Shi aƙalla ana iya rantsewa a musa.