Motar Kawu Falalu Ta San Manya

Ranar Litinin da asuba, sahun masallacin layinmu nan Gyadi-Gyadi bai kai rabi ba. Ba annoba aka yi ba, ba kuma ruwa aka kwana ana yi ba. Motar kawuna Falalu ce, tasin da nake tuƙa masa.

Ga yadda abin yake. Ana sallamewa, kafin mutum ya lalubo takalminsa, sai ya ji muryar Kawu daga bakin ƙofa: "Jama'a, a taimaka da hannu, ɗan kaɗan ne." Ɗan kaɗan ɗin nan wani lokaci sai an dangana da titin Zariya. Tun ana turawa da bisimilla har aka koma turawa da tsaki. Yanzu magidanta da yawa sun gano cewa masallacin bayan layi ya fi kusa da gidajensu, abin da bara ba su lura da shi ba.

Malam Liman ya tare Kawu a gabana. "Falalu, motar nan taka tana cinye mini mamu."

Kawu ya juyo kaina. "Baballe, kai ne ka yi sakandare. Ko ta riƙa tashi da kanta kafin Juma'a, ko in sayar a kwance ta a yi kayan gyara. Kai kuma ka koma bencinka."

Na san bencin nan na zaman jira. Tun da na gama makaranta nake zagaya ofis-ofis da takardata, kowa ya ce in dawo gobe, har takalmina ya buɗe baki. Tasin nan ita ce aiki na farko da aka ba ni ba tare da an tambaye ni ɗan wa nake ba. Ba na son ta mutu.

A gwanjon wata ma'aikata Kawu ya saye ta, shekarar da ma'aikata suka sha ariyas na bashin albashi. Motar wani Ranka-ya-daɗe Mai Nauyin Sa-hannu ce. An ce ta tsufa, ba ta dace da darajarsa ba, don haka aka sayo masa sababbi biyu, ɗaya ta zuwa ofis ɗaya ta dawowa. Allah ya ƙara musu tattali.

Da ma kullum take ƙin tashi, da an san ciwonta. Ba haka take yi ba. Yau ka murɗa makulli ta ɗauka kamar sabuwa. Gobe ko ƙara ba za ta yi ba, batir ya kwana ya wayi gari fayau. Wata rana kuma kana tafe fitilun gaba su dusashe, ka faɗa rami su dawo.

Na kai ta wurin Garba mai wayarin a Tarauni. Ya duba ruwan batir, ya kankare kawunansa da suka yi fari, ya gwada dainamo ya ce tana caji. Sannan ya kashe komai, ya cire wayar kan batir guda, ya haɗa ƙaramin ƙwan fitila tsakanin wayar da kan batir ɗin.

"In ya kama, akwai mai shan wuta a ɓoye," in ji shi.

Muka zuba ido. Ƙwan bai kama ba.

"Motarka lafiyarta ƙalau."

"To me ya sa ake tura ta?"

"Ɗan boko, ni abin da na gani nake gyarawa. Riƙe ƙwan nan, ka riƙa gwadawa da yamma in ka ajiye ta. Ran da ya kama, turo a kira ni."

Wannan ita ce halayyar kayan gwamnati. Ran da mai bincike ya zo, komai lafiya ƙalau.

Litinin da yamma ƙwan bai kama ba. Talata ma haka. Laraba ina haɗawa ya haska, ja wur, ga makulli a aljihuna. Garba ya iso a kekensa, muka shiga zare fis ɗaya bayan ɗaya. Na fitilun gaba, ƙwan na nan. Na oda, yana nan. Na rediyo, na goge gilashi, duk muka zare, akwatin fis ɗin ya zama fanko, ƙwan yana ta haskensa.

Garba ya yi dariya. "Wannan ba ta layi ya bi ba. Kai tsaye yake ɗiba daga baitulmali."

Muka samo ta, wata siririyar waya da aka saƙala a kan batir ta ƙarƙashi. Muka bi ta, ta ratsa ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ta shige kujerar baya, ɓangaren da mai gida ke zama. Muka ɗaga kushin. Ga makunni, ga sifirin a kansa ya yi tsatsa. Daga nan wata wayar ta koma gaba, bayan ragar hancin motar, inda muka tarar da ƙatuwar jar fitila da aka shafe da baƙin fenti kafin gwanjo. Na taɓa ta, zafi jau.

Garba ya ce ya taɓa ganin irinta. In Ranka-ya-daɗe ya zauna, nauyinsa ya danna makunnin, fitila ta kama, maigadi ya hango tun daga nesa ya san ko zai ƙame ko zai ci gaba da cin goronsa. Yanzu sifirin ya gaji. In mai nauyi ya danna shi sai ya maƙale, fitilar ta kwana tana ci a bayan fenti, sai an faɗa rami ya saki.

Ku duba hikima, jama'a. Famfon layinmu an daɗe da manta launin ruwansa, amma an zauna an yi tunani, an kira injiniya, an ja waya, don kada maigadi ya sara wa direba bisa kuskure. Ga shi mutumin ya bar kujera ya tafi, amma har yau ana kwana ana ƙona masa wuta, mu kuma mu turo da asuba.

Garba ya ɓamɓare sifirin, ƙwan ya mutu, muka mayar da kushin. Saura a san wa ke danna shi. Kawu ya gyara babbar riga ya shiga ya zauna. Ƙwan bai kama ba. Ya ɗan yi tsalle a zaune. Shiru.

"Ban ci abincin rana ba ne," in ji shi.

Aka ce Malam Liman ya gwada, ya ce shi ba ya neman muƙami. Maƙwabta suka yi ta shiga suna fita, duk layinmu babu babban mutum ko ɗaya. Sai ga Hajiya Uwani mai sayar da abinci, wadda nake kaiwa kasuwar Tarauni sayen hatsi in kayanta sun ƙare. Ta ce, "Me ake rabawa?" Ta shiga ta zauna. Ƙwan ya haska har Garba ya ja da baya.

"To," in ji Hajiya, "ai da ma na faɗa muku, ba ku ji."

Na ɗauko filaya zan datse wayar. Kawu ya riƙe hannuna. "Kai, yaro. Kayan hukuma ne, ba a yanke shi haka nan." Ya sa Garba ya saka sabon sifirin, shi kuma ya zauna da reza yana kankare fentin har magariba. Alhamis ta tashi bugu ɗaya. Juma'a ma haka. Kawu bai ce na yi ƙoƙari ba, amma ya bar mini makullin.

Jiya Asabar na ɗauki Hajiya za mu kasuwa, mai ya yi ƙasa, na biya gidan mai. Layi ya miƙe kamar zai kai Hotoro, direbobi sun baje tabarma a inuwar motocinsu. Ina neman ƙarshen layin ke nan, mai tsaron ƙofa ya hango jar fitila. Ya yar da sandarsa, ya janye sarƙa, ya ƙame. Na buɗe baki zan yi bayani.

"Baballe," in ji Hajiya daga baya, tana gyara mayafi, "tuƙi aka ɗauke ka, ba surutu ba."

Na shiga. Aka cika tanki.

Har gobe ina kan bakana, wannan ɗabi'a ta tsallake layi ita ke kashe ƙasar nan, kuma ya kamata a hana. Sai dai in an tashi hanawa a ɗan sanar da mu da wuri, don Hajiya ta fara maganar rage cin tuwo, kuma Kawu ya shiga damuwa.