Uban Tsuntsaye Ya Share Fadama

Allah ya yi mana baiwa da shugaba. Tun ranar da aka ba shi kujerar kula da fadama da tsuntsayen ruwa, ya rataya tabaran hangen nesa a wuya, bai sake cirewa ba. Da shi yake zuwa aski, da shi yake leƙa kwanon miya ya ga ko an sa nama. Matan unguwa suka laƙa masa Uban Tsuntsaye. Ya ɗauka girmamawa ce, ya sa aka rubuta a ƙofar ofis.

Sai ga takarda: ranar Laraba masu ƙidaya za su zo ganin tsuntsayen da ke saukowa daga ƙasashen sanyi. In babu tsuntsu, babu ofis, babu kujera.

A ranar da takardar ta iso ya fara taka fadamar da ƙafarsa. Laka ta haɗiye masa takalmi ɗaya.

"Wannan ƙazanta har ina?" in ji shi, yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. "Baƙi su tsallako teku mu sauke su a taɓo? Ba a zamanina ba!"

Wani tsohon masunci ya ce, "Ranka ya daɗe, ai don taɓon suke zuwa. Abincinsu yana ciki."

"Baba, ka yi karatun tsuntsu ne? To, ji da kifinka."

Kwana uku ana aiki. Aka sare ciyawa ƙaf, aka juye yashi tifa tara, aka shafa wa duwatsu farar ƙasa. Aka kafa lasifika. Aka rubuta BARKA DA SAUKA a allo, aka kwantar da shi yana kallon sama don baƙi su karanta tun daga nesa. Kai, hikima!

Ranar Talata baƙin suka iso, garke guda har sun rufe rana. Suka kewaya sau biyu, lasifika ta kwarara musu maraba, suka ƙara gaba.

"Kunya suke ji," in ji shi. Amma gumi ya jiƙa masa hula.

Da safe ya lallaɓa wurin matarsa, wai ta ara masa agwaginta goma sha biyu.

"Baban yara, waɗannan ko bakin titi ba su taɓa wucewa ba."

"Yau 'yan ƙasar waje ne. Rufa mini asiri."

Masu ƙidaya suka zo, shugabarsu riƙe da littafi. Ga agwagi a ɗan ruwan da ya rage. Uban Tsuntsaye ya gyara murya.

"Waɗannan da kuke gani, wata biyu suka yi a sama ba hutu! Ku dubi gajiya a fuskarsu. Duk duniya ni suka zaɓa."

"Sun yi ƙiba dai, a ce matafiya ne," in ji shugabar.

"Kulawata ce, Hajiya."

Ƙarfe goma daidai, can tsallaken titi, matarsa ta buga kwanon dusa yadda ta saba kullum. Baƙi suka ɗaga kai. Suka jeru, suka bi ta tsakanin ƙafafun mai jawabi, suka tsaya mota ta wuce, suka tsallaka, suka shige gidansa. A ƙafa.

Shugabar ta zana sifiri a littafi, babba, ba sai da tabarau ba.

Yanzu ofis yana rufe. Tabaran dai yana nan a wuya, da shi yake ƙirga wa matarsa agwagi kowace safiya. Tsuntsayen kuwa suna can sun baje a fadamar gaba, wadda Allah bai ba ta shugaba ba tukuna.